Azurfar Fada: Matsalar Auna Kayan Sarautar Katsina da Ma'aunin Turai

Masu nazarin kayan fada a Turai suna ji da mazaunan kyandir na azurfa, irin waɗanda maƙerin nan na Faransa, Robert-Joseph Auguste, ya ƙera wa Sarkin Ingila George na III domin fadarsa ta Hanover a ƙarshen ƙarni na 18. Abin da ya sauƙaƙa musu aiki shi ne hatimi. A Landan, tun shekarar 1300 doka ta wajabta buga alama a jikin azurfa, daga 1478 kuma aka ƙara harafin da ke nuna shekara. Saboda haka mai nazari yakan juya gindin abu kawai, ya karanta gari da shekara da maƙeri.

Wanda ya ɗauko wannan ma'auni ya nufi Gidan Korau zai fito yana cewa fadar Katsina ba ta san azurfa ba. A ganina wannan hukunci kuskure ne, kuma daga ma'aunin kuskuren ya taso.

Da farko, hasken fada ba na kyandir ba ne. Fitila ce ta ƙasa ko ta ƙarfe, da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga, a ajiye ta cikin alkuki. Kwalliyar tana jikin bango, aikin magina ne. Sa'an nan akwai shari'a, wadda masu irin wannan nazari suka cika tsallakewa. Fiƙihun Malikiyya ya hana amfani da ƙoren zinariya da na azurfa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi a Katsina ya sani, ta halatta wa namiji azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, ta hana ta a linzami da sirdi da wuƙa. Ke nan sarkin Musulmi da ya jera azurfa a gaban baƙi abin zargi ya jawo wa kansa. Abin lura kuma, wurin da littafin ya hana, wato kayan doki, nan ne al'ada ta fi zuba adon farin ƙarfe, kamar yadda duk wanda ya kalli hawan Salla zai shaida. Wannan saɓani tsakanin littafi da hawa shi ya cancanci bincike, ya fi neman kyandir inda babu shi.

Rubuce-rubucen da muka gada ba su kai mu can ba. F. de F. Daniel ya yi bayanin kayan sarautar Katsina a 1932, A. D. H. Bivar kuma ya nazarci makaman Arewa a littafinsa na 1964. Dukansu sun yi aikin da ya kamata a gode musu. Amma hankalin wannan fanni ya karkata ga abubuwan da ke da labarin sarki a bayansu: takobin Gajere da ake cewa da shi Korau ya kashe Sanau, da gwauron tambari, da tukunyar Korau. Maƙerin fari, wanda hannunsa ke kan kube da likkafa da mundaye, ya zama kamar ba shi cikin tarihi. Ko binciken Philip Jaggar, mai zurfi kuwa, a kan maƙeran birnin Kano ya tsaya.

Dalilin ɓacewar aikinsu ba boyayye ba ne. Yawancin azurfarsu daga liyari take, wato kuɗin Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wanda nauyinsa ya kai giram 28. Abin da aka narke daga kuɗi yana iya komawa kuɗi ranar rabon gado ko ranar matsi. Turai ma ba ta tsira ba, domin a 1689 Louis na XIV ya narkar da kayan azurfar Versailles don ciyar da yaƙi. Bambancin shi ne can an bar takardun lissafi, nan kuwa lissafin yana bakin dattawan maƙera da bayin sarki.

Wani abin da ya kamata mai nazari ya yi hattara da shi, shi ne sandar girma. Azurfar da ke kanta tsarin Lugga ce, wanda ya ware kan azurfa ga sarakuna masu daraja ta ɗaya, tagulla ga na biyu. Ta zauna a fada tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) har ido ya saba da ita, ɗalibi kuwa yana iya lissafa ta tare da Gajere, alhali ƙarnoni ne tsakaninsu, kuma maƙeran da suka yi su ba su taɓa jin harshen juna ba.