Jinjina ga masu ƙirga gangunan Sabha

Mai zama a unguwar Jadid ta Sabha zai iya shekara bai san cewa a kusa da Sabha akwai rumbun da ke ajiye da garin yuraniyom ba, wanda Libiya ta sayo daga Nijar tsakanin 1978 da 1981. Bayan wata tara ana tattaunawar sirri da Amurka da Ingila, ranar 19 ga Disamba 2003 Gaddafi ya sanar da watsi da shirin makaman ƙare dangi. Sa hannu a takarda ba wuya. Wuyar tana wajen jami'an hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke shiga rumbu cikin ƙura da zafin yankin Fezzan, suna ƙirga ganga ɗaya bayan ɗaya, suna gwada lissafinsu da abin da aka rubuta. Gwamnati ta faɗi a 2011, bindigogi suka bazu, su kuwa ba su saki lissafin ba. A Maris 2023 su ne suka gano ganga 10, kimanin tan 2.5, ba sa wurinsu, har aka nemo kusan dukkansu. Wannan aiki ya cancanci yabo. Hukumomin Libiya, a buɗe musu hanya, a tsare rumbun nan.