Budurwar Ƙarfe: Almarar da Ta Ari Rigar Tarihi

A gajeren labarinsa mai suna The Squaw, wanda ya fito a 1893, Bram Stoker ya kai mai karatu wata hasumiya a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, inda aka ajiye Budurwar Ƙarfe, wato wani akwati mai siffar mace wanda aka dasa wa ƙusoshi daga ciki. Wani Ba'amurke ya shiga cikinsa da wasa, sai kyanwar da ya kashe wa ɗa ta afka wa mai riƙe da igiyar murfin, ƙusoshin suka gama da shi. Labarin ya tsaru, amma tsoron da yake jefawa a zuci ya jingina ne ga yardar mai karatu cewa da wannan akwati ake hallaka mutane a tsakiyar zamanin Turai.

Wannan yardar ce nake tuhuma. A 1793 wani malamin Jamus, Johann Philipp Siebenkees, ya rubuta cewa an kashe wani mai buga kuɗin jabu da akwatin a Nuremberg a 1515. Masana tarihi ba su sami takardar kotu ko shaidar wani ganau na wancan lokaci da ta gaskata shi ba. Akwatunan da ake nunawa a gidajen tarihi kuwa, mafi yawansu a ƙarni na 19 aka harhaɗa su domin 'yan kallo. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta yi 'ya'ya: kuɗin shiga da littattafai masu kasuwa.

Azabtarwa dai ta faru, kuma doka ce ta ɗaure mata gindi. A 1252 Fafaroma Innocent na Huɗu ya halatta ta wajen binciken waɗanda ake zargi da bidi'a. Kayan aikin da aka fi sani shi ne igiya: a ɗaure hannuwan mutum ta baya, a ja shi sama har kafaɗunsa su goce, alƙali na tambaya, magatakarda na rubutawa.

A ganina, nan ne aibin almarar yake. Ta mayar da zalunci abin al'ajabi na mutanen da, ta bar mai karatu yana jin ya waye. Igiya da alƙalami kuwa ba su tsufa ba. Ɗalibin adabi da ya kasa tambayar inda labari ya samo hujjarsa zai razana da akwatin ƙarya, ya wuce ɗakin bincike na gaskiya bai waiwaya ba.