Kukan Inji Da Ƙurar Hunturu

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya tsayar da Honda Accord ɗinsa a ƙofar gida, ya ɗaga bonet, ya ce, "Yaya, zo ka ji wani abu." Da na leƙa sai na ga baƙin akwatin nan na roba da kamfani ke sakawa a gefen inji babu shi. A gurbinsa an ɗaura wani bututun ƙarfe mai sheƙi, a bakinsa an maƙala jar filta mai siffar mazurari. Ya shiga ya taka totur, injin ya yi wani gurnani mai kauri kamar daga cikin rijiya. Kukan ya yi mini daɗi ƙwarai. Duk wanda ya taso da son mota ya san daɗin jin inji yana numfashi a fili.

Wannan ya zama yayi a wurin samarinmu. Daga Amurka da Japan abin ya taso, fim ɗin Fast and Furious na 2001 ya baza shi duniya, yanzu kuma TikTok da YouTube suka kawo shi tafin hannun kowa. Ban ga laifin mutum ya so motarsa ta yi murya ba, sha'awa ce irin ta mai kiwon doki da ke son jin haniniya. Abin da ke damuna shi ne alƙawarin da ake haɗawa da muryar, wai mota za ta ƙara ƙarfi, da kuma shirun da ake yi kan abin da za ta rasa.

Akwatin kamfani yana da ƴan ɗakuna da lunguna da aka tsara don su haɗiye ƙarar iskar da inji ke zuƙa. In ka cire shi, ƙarar da ake ɓoyewa ce ta fito, shi ke nan. Direba ya ji rugugi sai ya ƙara danna ƙafa, mota ta zabura, sai ya rantse filta ce. Kunne ne ya ruɗi ƙafa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da nauyin ƙafa ke yi wa aljihu.

Injin fetur yana buƙatar iska mai nauyin kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai yadda ya kamata, kuma sanyayyar iska ta fi zazzafa nauyi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage mata nauyi da kusan kashi 3 cikin ɗari. Shi ya sa kamfani ke miƙa bakin bututunsa gaba, ya ɗebo iskar waje. Ita kuwa jar filtar nan tana zaune tsirara a cikin ɗakin inji, kusa da lagireto, tana shaƙar hucin da ya taru a wurin. Ka ƙaddara kana cunkoson Kano a watan Afrilu, zafin waje kansa ya kai digiri 40. Ɗan abin da aka samu na buɗe hanya, zafi ya cinye shi, wani lokacin har da riba.

Amma babbar maganata ƙura ce. Waɗanda muke kwaikwayo a bidiyo ba su san hunturu ba. Mu daga Nuwamba har wajen Maris iska na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana. Ka share gilashi da asuba, kafin hantsi ka iya rubuta sunanka a kai. Kowace lita ɗaya ta fetur da mota ta ƙona, ta zuƙi iska wajen lita 9,000. Filtar takarda ta kamfani ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai. Filtar mazurari ta fi sakin iska ne saboda ƙofofinta sun fi faɗi, kuma ta dogara da ɗan man da ake shafa mata ya kama ƙura. In man ya bushe, ko aka sayi jabu wadda ba ta da maraba da rariya, an buɗe wa yashi ƙofa. In kuma aka cika man, sai ya bi iska ya lulluɓe na'urar da ke auna yawan iskar, ƙwaƙwalwar mota ta rikice, inji ya kama rawa a tsaye.

Bayan wata biyu da shigar hazo na sa ƙanena ya kwance filtar. Na zura yatsa cikin bututun, ta ɓangaren da ya kamata ya zama tas. Yatsan ya fito da ƙura mai laushi kamar garin fulawa, amma in ka murza sai ka ji kaushi. Wannan ce ke shiga silinda ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon silinda a hankali. Ba a ganin ɓarnarta a mako ɗaya. Wata rana dai mota za ta fara shan baƙin mai, salansa ta fara hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke inji. Ƙanena ya kalli yatsan nawa ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, akwatin ma yana wurin mai gyaran." Da muka je karɓa, an riga an sayar.

Masu wayo kan saukar da bututun ƙasa, bayan bamba, don samun iska mai sanyi. Dabarar tana aiki har ranar da ruwan Agusta ya cika titi. Ruwa ba ya matsuwa, in inji ya zuƙe shi sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take.

Wanda ke son ganin gyaran hanyar iska na masu hankali ya dubi Land Cruiser da Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas su keta hamada. Bututu suke ɗagawa ta gefen gilashi har saitin rufi, su ɗebo iska daga sama, nesa da ƙurar tayoyi, akwatin filtar kuma a rufe ruf. Waɗannan direbobi ransu ya rataya a kan injin, ba ka ganin filta tsirara a motarsu.

Kirana ga iyayen gidanmu makanikai ne. Yaro ya zo da kuɗinsa da bidiyonsa, ku gaya masa gaskiya kafin ku ɗauki sifana: murya zai saya, ƙarfin kaɗan ne ko babu, kuma injinsa ne zai biya. In ya dage, a yi wa filtar rufaffen gida mai ɗebo iska daga waje, a ɗaure kowace mahaɗa tam, a koya masa wanke ta da shafa mata mai daidai kima. Akwatin kamfanin kuma ku saka masa a but, ya mayar da shi da zarar hazo ya sauka.