Iyakar Ikon Shugaban Ƙasa a Tsarin Mulkin Nijeriya: Tsakanin Yanke Hukunci da Zartar da Shi

Manufar wannan takarda ita ce duba iyakokin da Tsarin Mulkin Nijeriya ya shata wa Shugaban Ƙasa, a ga ko sun isa su tsare shi idan ya yi nufin ƙetare su. Ra'ayinmu shi ne waɗanda suka tsara wannan kundi sun raba iko kashi uku, amma ƙarfin da ake zartar da iko da shi, watau baitulmali da 'yan sanda da soja, sun bar shi a hannun mutum ɗaya.

Kafin mu soki tsarin, ya kamata mu yi masa adalci, mu tuna abin da ya haife shi. A Jamhuriya ta Farko an yi shugabanni biyu, Shugaban Ƙasa Dokta Nnamdi Azikiwe da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan zaɓen Disamba 1964 aka yi 'yan kwanaki Shugaba ya ƙi kiran Firayim Minista ya kafa gwamnati, har aka shiga tambayar wanda soja za su yi wa biyayya. Saboda haka kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya ga ba a sarki biyu a gari ɗaya, ya ɗauko salon Amurka na shugaba mai cikakken iko. Wannan salo ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1979, kuma tsarin 1999 bai sauya ginshiƙansa ba. Magani ne da ya dace da cutar da aka gani a lokacin. Abin tambaya shi ne wace cuta shi maganin ya jawo.

A rubuce kam iyakoki suna da yawa. Shugaba ba ya naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta amince, ba ya kashe kuɗi sai da dokar kasafi, ba ya wuce zaɓe biyu na shekara huɗu-huɗu. Idan ya ƙi sa hannu a kan doka cikin kwana 30, sashe na 58 ya ba majalisu biyu damar zartar da ita da kashi biyu cikin uku, kuma sun taɓa yin haka a shekarar 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Haka nan a watan Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai buɗe wa Cif Olusegun Obasanjo ƙofar zango na uku. To, amma a lura, a duk waɗannan wurare Shugaba ne yake neman wani abu a hannun majalisa, abin da ake bukata kurum shi ne a ce masa a'a. Inda gizo yake saƙa shi ne wurin da Shugaba ya riga ya aikata, ake neman a mayar da shi baya.

Bari mu gwada shari'u biyu. A 1981 Alhaji Shehu Shagari ya sa hannu a kan dokar rabon kuɗin shiga tsakanin tarayya da jihohi. Jihar Bendel ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke dokar saboda abin da kwamitin haɗin gwiwa ya yanke ba a mayar da shi gaban majalisun biyu ba. Gwamnati ta karɓi hukuncin, aka koma majalisa aka sake doka. A 2004 kuwa Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas, saboda jihar ta ƙirƙiri sababbi 37. A watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce lalle sababbin hukumomin ba su cika ba tukuna sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin, amma Shugaba ba shi da ikon riƙe kuɗin. Duk da haka ba a kammala biya ba sai 2007, bayan Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki.

Kotu ɗaya ce, kuma tanadin tsarin mulkin kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne halin wanda hukuncin ya hau kansa. Sashe na 287 ya ce wajibi ne hukumomi da mutane duka su zartar da hukuncin Kotun Ƙoli, amma bai faɗi wanda zai tilasta wa Shugaba ba idan shi ne ya ƙi. Alƙali ba shi da dogari nasa na kansa. Tsarin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya tak, ya ba Shugaba ikon ba Sufeto Janar umarni, har sashe na 215 ya hana kotu binciken ko an ba da irin wannan umarni. Sa'an nan sashe na 308 ya kare Shugaba daga tuhuma muddin yana kan kujera. Saura tsigewa ke nan, ita kuwa sashe na 143 ya gindaya mata kashi biyu cikin uku na kowace majalisa har sau biyu, da kwamitin mutum bakwai a tsakani. An tsige gwamnoni, tun daga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna a 1981, amma ba a taɓa tsige Shugaban Ƙasa ba.

Babban rauni a ganinmu yana sashe na 305, na dokar ta-ɓaci. Sashen ya yi dogon bayani a kan lokacin da za a ayyana ta, da amincewar majalisa, da wa'adin wata shida, amma ya yi shiru a kan abin da Shugaba zai iya yi a cikinta. Bai ambaci dakatar da gwamna ba, alhali sashe na 188 ya bar cire gwamna a hannun majalisar jiharsa. A cikin wannan shiru kowane shugaba ya karanta abin da ya ga dama. Obasanjo ya dakatar da gwamna da majalisa a Filato a 2004, ya naɗa kantoma, ya kuma naɗa wani a Ekiti a 2006. Dokta Goodluck Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, ana tsakiyar yaƙi, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba. A watan Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya koma tafarkin farko a Jihar Ribas. Shari'ar Filato ma abin nazari ce ga malaman shari'a da ke wannan zaure: Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a 2006 ba tare da yanke hukunci a kan asalin rigimar ba, bisa dalilin cewa kantoma, wanda shi ke riƙe da jihar a lokacin, bai ba da izinin shigar da ita ba. Watau sai wanda ake ƙarar naɗinsa ya yarda kafin a saurari ƙarar.

Za a iya ce mana a Amurka ma alƙali ba shi da soja. Gaskiya ne, amma can jihohi suna da 'yan sandansu da harajinsu, kuma a 1974 da Kotun Ƙoli ta umarci Nixon ya miƙa faya-fayan da ya ɓoye, 'yan jam'iyyarsa a majalisa ne suka shaida masa ba za su kare shi ba, ya sauka. Mu mun ɗauko siffar ofishin, muka dasa ta a ƙasar da mafi yawan jihohinta suke jiran kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda jami'an da Shugaba ya naɗa suke riƙe da makullinsa. Don haka gyaran da muke ba da shawara a fara da shi guda biyu ne: a fayyace a sashe na 305 abin da dokar ta-ɓaci ta halatta da wanda ta hana, sa'an nan a ware ƙin bin hukuncin Kotun Ƙoli a ambace shi da sunansa a cikin laifuffukan da sashe na 143 yake nufi.