Waken Suya da Bugun Zafi: Nazarin Wata Al'adar Bincike da Bukatar Manomin Abuja

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa tashar mota a Gwagwalada ko Zuba da la'asar sakaliya zai tarar da mai awara zaune gaban kaskonta, yara sun kewaye ta da kuɗinsu a hannu. Waken da ta jiƙa jiya da daddare, da abincin da ake zuba wa kaji a gidajen gonar Kuje, duk daga tsiro guda suka fito. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar waken suya furotin ne, kusan kashi 20 kuma mai ne, shi ya sa ya zama rufin asirin gidan da nama ya yi wa tsada.

Wannan tsiro yana da wani matsayi kuma a tarihin kimiyya. Yana cikin tsirran farko da masana suka nuna a jikinsu cewa shuka tana da ƙwayoyin gado na musamman da take tayarwa idan zafi ya buge ta. Daga nan wata al'adar bincike ta kafu, wadda ta haura shekara arba'in. Wannan nazari zai duba asalinta, da abin da ta gano, da inda ma'auninta ya kasa, sannan ya auna ta da halin da manomin Kwali ko Abaji yake ciki.

Asalin al'adar

A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itatuwa. Wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake renon su ba da saninsa ba. Da Ritossa ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga wasu gurabe a zaren gadon ƙudajen sun kumbura, alamar cewa wasu ƙwayoyin gado da ke kwance sun tashi sun kama aiki. A 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna irin furotin ɗin da ake haɗawa a wannan hali, waɗanda aka san su da laƙabin HSP, wato furotin ɗin bugun zafi.

Waken suya ya shigo labarin a 1981, a Jami'ar Jojiya da ke Amurka. Joe Key da abokan aikinsa, Lin da Chen, sun ɗauki tsirran waken 'yan kwanaki da aka rena a zafin digiri 28 a ma'aunin Salshiyos, suka mayar da su digiri 40 a lokaci guda. Sai tsiron ya rage haɗa furotin ɗinsa na yau da kullum, ya koma haɗa wasu sababbi, mafi yawansu ƙanana. A 1984 aka yi gwajin da ya fi kowanne tasiri. Tsiron da aka jefa kai tsaye cikin digiri 45 na awa biyu ba ya kai labari. Wanda aka fara ɗanɗana masa digiri 40 na awa biyu kuwa, yakan jure 45 ɗin ya ci gaba da girma.

Wannan sakamako ba baƙo ba ne ga mai renon tumatir da attaruhu a fadama. Ya san cewa ba a cire tsiro daga inuwa a kai shi tsakiyar rana kai tsaye. Yakan riƙa janye rumfar kaɗan-kaɗan kafin ranar dashe, har tsiron ya saba. Abin da ɗakin bincike ya ƙara a kan sanin manomi shi ne bayanin abin da ke gudana a cikin ganyen.

Abin da ke gudana a cikin tsiro

Mai awara ta fi kowa dacewa ta fahimci batun. Idan ta tafasa madarar wake ta zuba ruwan tsami, furotin ɗin da ke narke a ciki sai ya warware, ya harɗe da juna, ya dunƙule. Abin da take nema ke nan a tukunyarta. Amma idan irin wannan dunƙulewa ta auku a cikin ƙwayar halittar tsiro mai rai, ajali ne. Kowane furotin yana aiki ne muddin yana naɗe a siffarsa, zafi kuwa warware naɗin yake yi.

Furotin ɗin bugun zafi su ne masu hana wannan ɓarna, kuma kowane rukuni da aikinsa. Ƙananan su ne masu riƙo: sukan kama wanda ya fara warwarewa su hana shi mannewa da maƙwabcinsa. HSP70 shi ne mai sake naɗi, ya mayar da furotin siffarsa. HSP101 kuma yana kwance waɗanda suka riga suka dunƙule. Akwai wani furotin da ake kira HSF, wanda shi ne mai kaɗa gangar yaƙi. A lokacin lafiya yana tsare, ba ya motsi. Da zarar furotin masu warwarewa sun yi yawa, sai ya kuɓuta, ya je ya hau kan zaren gado ya ba da umarni. Cikin 'yan mintuna saƙon ya fita.

Ba ƙaramin abu wannan al'ada ta cimma ba. Ta nuna cewa ƙuda da wake da ɗan Adam duk da makami iri ɗaya suke kare kansu. Da aka kammala karanta zaren gadon waken suya a 2010, aka lissafa ƙwayoyin gado fiye da 46,000, sai ya bayyana cewa masu kula da bugun zafi dangi ne masu yawa, wasu rukunai da gommansu. Yau mai bincike zai iya nuna wurin zaman kowannensu.

Inda ma'aunin ya kasa

Sai dai gona ba akwatin gwaji ba ce, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi duba na tsanaki.

Abu na farko shi ne irin zafin. A Abuja, zafin da ke kusantar digiri 40 na bazara ne, watannin Maris da Afrilu, musamman a kwarin Gwagwalada da Kwali da Abaji. A lokacin babu waken suya a gonar damina. Ana shuka shi ne daga watan Yuni zuwa farkon Yuli, ya yi fure a marka, a girbe shi da kaka. Zafin da ke cutar da shi a nan yakan zo ne tare da fari. Idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, ganye sai ya rufe ƙananan ƙofofin da yake fitar da tururi ta cikinsu, don ya adana ɗan ruwan da ya rage. Wannan tururin kuwa shi ne guminsa. Da ya tsaya, sai zafin ganyen ya wuce na iskar da ke kewaye da shi. Tsiron ya shiga tsaka mai wuya: ya buɗe ƙofa ƙishirwa ta kashe shi, ya rufe zafi ya dafa shi. Mun ga irin wannan a watan Agustan 2024, lokacin da ruwa ya ɗauke a jihohin da ke kewaye da Abuja, irin su Neja da Nasarawa da Kogi, har aka fita roƙon ruwa.

Su kansu masu al'adar sun hango wannan tun da wuri. A 1985 Kimpel da Key suka fita gona, suka tarar da saƙon bugun zafi ya fi yawa a waken da ba a yi wa ban ruwa ba. Daga baya Ron Mittler da ɗalibansa suka tabbatar cewa martanin tsiro ga fari da zafi a haɗe daban yake da martaninsa ga kowannensu shi kaɗai. A 2022, a Jami'ar Mizuri, suka nuna wani abin mamaki a waken suya: idan masifun biyu suka haɗu, yakan rufe ƙofofin ganye ya bar na fure a buɗe, ya sadaukar da ɗan ruwansa don furen ya yi sanyi da digiri biyu zuwa uku. Gwajin akwati a kan tsiron kwana biyu ba zai taɓa nuna wannan ba.

Abu na biyu shi ne abin da ake aunawa. Tsohon gwajin yana tambaya ne ko tsiron ya rayu. Manomi kuwa buhu yake ƙirgawa. Wake zai iya tsallake zafi ganyensa kore shar, amma furensa ya kaɗe, garin furen ya mutu, kwanson ya fito babu ƙwaya. Nazarin da Schlenker da Roberts suka yi a 2009 a kan amfanin gonakin Amurka na shekaru da dama ya nuna cewa amfanin waken suya yana ƙaruwa har zuwa digiri 30, daga nan sai ya faɗi da sauri. Ke nan asarar manomi tana farawa tun zafi bai kai inda gwajin akwati yake farawa ba.

Abu na uku, kariyar ba kyauta ba ce. Duk lokacin da tsiro ya tattara ƙarfinsa ga haɗa garkuwa, girma ne yake dakatawa. Saboda haka irin da ya fi tara HSP ba lallai ne ya fi cika rumbu ba.

Abu na huɗu, wake ba shi kaɗai yake rayuwa ba. A saiwarsa akwai ƙulalai inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna ɗebo masa sinadarin naitrojin daga iska. Ƙasa mai zafi da bushewa tana raunana su tun ganye bai nuna alama ba. Ga kuma wasu illolin zafi guda biyu da kowane manomin waken suya ya sani: irin da aka ajiye a ɗaki mai zafi da laima yakan rasa ƙarfin tsirowa cikin 'yan watanni, kwanson da aka bari a gona ya sha ranar kaka kuma yakan fashe ya watsar da ƙwaya.

Ɗaya al'adar: bincike a bakin kunya

A ƙasarmu akwai wata al'adar bincike da ta fara daga gona. An daɗe ana noman waken suya a ƙasar Tibi da ke Binuwai, da wani iri mai suna Malayan. Tun shekarun 1970 cibiyar IITA ta Ibadan ta duƙufa wajen haɗa irin da ake kira TGx, wanda ke iya ƙulla zumunci da bakteriyar da ke cikin ƙasarmu. An yaba wa TGx 1448-2E saboda ba ya saurin fashewa. TGx 1835-10E, da aka fitar a 2008, yana nuna da wuri kuma yana jure cutar tsatsa. Cibiyar IAR ta Samaru ta fitar da Samsoy, cibiyar NCRI ta Badeggi kuma ita ke riƙe da alhakin binciken waken suya a ƙasa baki ɗaya.

Masu wannan aiki ba su jira sanin sunan kowace ƙwayar gado ba. Sun shuka, sun duba, sun zaɓa. Iri mai saurin nuna yana tsere wa fari ne maimakon ya tsaya ya yi kokawa da shi, kuma wannan dabara ta ceci gonaki masu yawa. Rauninta shi ne jinkiri: fitar da iri guda yakan ci shekaru, ga shi damina tana sauya hali a idonmu.

Gaskiya kuma ta wajaba a faɗe ta. Manominmu yana samun kusan tan ɗaya a kadada, na Amurka da Brazil yana samun fiye da uku. Mafi yawan wannan tazara ba daga zafi take ba. Daga tsohon iri take, da rashin takin supa, da shuka a makare, da ciyawa. Wanda ya ce ƙwayar gado guda za ta cike wannan giɓi bai yi wa manomi adalci ba.

Abin da ke hannun Abuja

Allah Ya tara wa Abuja kayan aikin haɗa al'adun biyu. A Sheda, kan hanyar Lokoja, akwai cibiyar kimiyya ta SHESTCO da Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. A hanyar filin jirgin sama akwai hukumar bunƙasa fasahar halittu, NBRDA, da hukumar NBMA da aka kafa a 2015 don tantance amincin irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, IITA tana da tasha a Kubwa, ga Jami'ar Abuja. Ƙasarmu ta riga ta bi hanyar sauya ƙwayoyin gado da waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024, kuma muhawarar da suka tayar tana nan da ranta. A Ajantina ma an amince da waken suya mai jure fari, HB4, tun 2015.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfinmu ba. A ɗauki irin TGx da manoma ke shukawa a gwada su a Kwali da Abaji, wasu da damina, wasu da ban ruwa a tsakiyar bazara, inda rana za ta yi aikin akwatin gwaji. A ƙirga furen da ya kaɗe, da ƙulalan saiwa, da nauyin ƙwaya, sannan a koma ɗakin bincike a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka bambanta mai juriya da rago. Da wannan sani mai haɗa iri zai iya tantance dubban tsirrai tun suna ƙanana, ko da ba a sauya wa kowanne komai ba. A sa manoma maza da mata cikin masu zaɓe, domin su suka san irin da ke karɓar ƙasarsu da wanda ke ba da awara mai auki.

Kammalawa

Al'adar binciken bugun zafi ta faɗi gaskiya game da waken suya, amma gaskiyar tsiron kwana biyu a cikin akwati ta faɗa. Ta gonar Abuja, inda zafi ke zuwa riƙe da hannun fari a daidai lokacin fure, sai mu da kanmu za mu nemo ta. Ina kira ga masananmu da su kai tambayarsu bakin kunya, ga hukumomi da su ɗauki nauyin gwaji na shekaru a jere, ga manomi kuma da ya nemi iri mai takardar shaida, ya yi shuka a kan kari, ya bar kara da ciyawa su rufe masa ƙasa, ya girbe kafin kwanso ya fashe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farin gaba bai zo ba ya kamata a fara wannan aiki.