Akwatin da ke Cin Tsatsa a Katanga

Injin ban ruwa yakan yi wata huɗu ko biyar a cikin laka da danshin fadama, sannan a ɗauke shi a jingine a ɗaki har damina ta wuce. Kafin a sake nemansa murfinsa ya yi ja, kusoshinsa sun kafe, fentinsa yana ɓarewa kamar ba a taɓa shafa shi ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi cikin Nuwamban 2015, injuna suka yawaita a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama: na ban ruwa, na huɗa, na casa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, sayen sabo ya gagari yawancin manoma, sai kowa ya koma lallaɓa tsohonsa. Hanyar da aka saba bi wajen cire tsatsa kuwa sananniya ce. A ba yaron shago sanfefa da burushin waya ya wuni yana gurza, lungunan da hannu ba ya kai wa su tsira da tsatsarsu, a shafa fenti a kai, bayan wata biyu tsatsar ta ɗago shi daga ƙasa.

Wannan ne ya sa nake ganin akwatin feshin yashin da wani mai walda ya ƙera a shagonsa na gida, a yankin Katanga cikin ƙaramar hukumar Jega, ya cancanci a yi masa bita irin wadda ake yi wa littafi ko fim. Aiki ne da aka zuba wa tunani, ana iya karanta shawarar mai shi a jikin kowane ƙarfe da ya liƙa.

Ba shi ya ƙirƙiro fasahar ba. Wani Ba'amurke ɗan birnin Filadelfiya, Benjamin Tilghman, shi ya yi mata rajista a 1870: a tura yashi da ƙarfin iska ko tururi ya bugi abu, ya kankare duk abin da ke samansa. Akwatin kuwa dabara ce ta tsare yashin wuri guda, ma'aikaci yana waje, hannuwansa kaɗai ke ciki ta safar roba, yana leƙe ta gilashi. Na Katanga durom ne mai cin lita 200 da aka kwantar a kan ƙafafu huɗu, aka yanke masa ƙofa a gefe, aka huda ramuka biyu na hannu, aka yi musu hannun riga da tsohon tiyub na babbar mota. Wannan duk mai walda zai iya. Abin da ya ɗaga aikin sama da na sa'o'insa shi ne gyare-gyaren da suka biyo baya, bayan mai shi ya ga zubin farko yana tari, yana feshi yana ɗaukewa.

Gyaran da ya fi burge ni yana ƙarƙashin durom, inda ido ba ya fara sauka. Bindigar feshi irin ta kasuwa tsotso take yi: iska na wucewa da gudu ta wani ɗan siririn rami a cikinta, gudun ya janyo yashi ta mesa ta biyu wadda aka cusa bakinta cikin tulin yashi. Matsalar wannan tsari ita ce mesar takan haƙa wa kanta rami a tulin, ta koma tsotsar iska zalla, ko kuma ta cika maƙil ta toshe. Sai ka ga ma'aikaci yana jijjiga akwati da gwiwa. Maƙerin nan ya fasa cikin durom ɗin daga ƙasa, ya liƙa masa mazurari mai tsayi da gangare sosai, yadda yashin da aka fesa zai gangaro da kansa ya taru a wuri ɗaya. A bakin mazurarin ya ɗaura mahaɗar bututun famfo mai baki uku. Baki ɗaya na karɓar yashi daga sama, ɗaya na tafiya zuwa bindiga, na ukun kuma ya sa masa ɗan bawul da ke shigo da iskar waje. Da wannan bawul ake auna yawan yashin da ke tafiya.

A nan ne na gane mutumin ya fahimci abin da yake yi, ba kwaikwayo kawai ya yi ba. Hankali yakan raya wa mutum cewa yawan yashi shi ne yawan aiki. Ba haka ba ne. Idan yashi ya yi yawa a cikin mesa, ƙwayoyinsa na fita a gajiye, suna karo da juna, suna zuba a kan ƙarfe maimakon su sare shi. Feshin da ke cin tsatsa shi ne wanda da ƙyar ake ganin yashi a cikinsa. Yana koya wa yaransa su saurari bindigar: in tana shaƙewa a buɗe bawul, in tana busa fayau a rage. Kayan famfo na 'yan kuɗi kaɗan ne suka yi wannan aiki, kuma duk wanda ya duba zai iya kwance su ya share ya mayar ba tare da ya kira kowa ba. Ina ƙaunar irin wannan gyara, wanda ba ya mayar da mai amfani bawan wanda ya ƙera.

Na biyu shi ne bakin bindiga. Yashin da ke cin tsatsa yana cin bakin da yake fita ta ciki, kuma bakin ƙarfe ba ya daɗewa yake faɗaɗa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin idan faɗin rami ya ninka biyu, iskar da yake sha takan ninka huɗu. Injin iskar da ke shagon irin na masu faci ne, wanda aka yi shi don ya cika taya ya huta, ba don ya yi ta hurawa ba tsayawa ba. Tayar ƙaramar mota awo 30 zuwa 35 take ɗauka a geji, feshin ƙarfe kuwa yana son 80 zuwa 90, kuma yana son su dawwama. Da baki ya buɗe, sai allurar geji ta yi ta zamewa ƙasa, ma'aikaci ya tsaya jiran tanki, man janareta yana ƙonewa a banza. Maganin da ya samo shi ne farin tangaran ɗin da ke jikin tsohon fulogi. Yakan fasa ƙarfen da ke kewaye da shi, ya zare sandar tsakiya, ya sami ɗan bututu mai tauri wanda ramin cikinsa ya yi daidai da ƙarfin injinsa. Masu wannan sana'a a wasu ƙasashe sun daɗe da sanin dabarar, amma zaɓen ta a nan hikima ce, don babu garejin babur a Jega da ba a zubar da fulogi kullum. Tangaran ma yana cinyewa, bai kai bakin kabayid da kamfanoni ke sayarwa ƙarko ba. Sai dai nasa kyauta ne, yana da su cike da gwangwani.

Sai ruwa. Iskar da aka matsa takan yi zafi, in ta huce a cikin mesa sai ta zubar da raɓa, raɓar ta jiƙa yashi ya dunƙule. Da hunturu, lokacin da iskar ƙasar nan ta bushe ƙarau, ba a ganin wannan. Da watan Agusta kuwa aiki tsayawa yake yi cak. Don haka maƙerin ya naɗe bututun jan ƙarfe na tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ya nutsa shi cikin randar ruwa tsakanin inji da akwati, ya sa 'yar kwalbar tara ruwa a ƙarshensa mai famfon tsiyayewa. Iska na hucewa a randa, ta sauke ruwanta kafin ta isa bindiga. Fitilar ciki ƙwan sola ne da ya rufe da kwalba, gilashin leƙe kuma ya yi masa ragar sauro ta ƙarfe daga ciki don kada yashi ya dushe shi da wuri. Waɗannan biyun daidai suke, ba su wuce haka ba.

Sakamakon aikin ba ya buƙatar a yi masa kirari. Murfin injin ban ruwa da zai cinye wa yaro wuni yakan fito cikin ɗan lokaci, toka-toka, mai ɗan kaushi, har cikin lungunan haƙarƙarinsa. Wannan kaushin shi ne abin da fenti ke kamawa. Kuma mai shagon ya san ƙa'idar da mutane da yawa ke karyawa: ƙarfen da aka fesa tsirara yake, in ya kwana bai sha fentin ƙasa ba, da safe za a tarar da shi ya fara ja. Ya san kuma abin da ba a sa wa a akwati. Ba ya fesa cikin silinda, ko mazaunin boris, ko hanyoyin da baƙin mai ke bi, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a can ta isa ta ci inji daga ciki. Na ga ya mayar da mai kafireta da abinsa, ya ce ta yi laushi, yashi zai lalata ta. Ƙin karɓar kuɗin aikin da zai ɓata kayan mutum shi ma ɓangare ne na gwaninta.

Ƙura ce inda yabona ya rabu biyu. Mai shagon ya yi mata tanadi, kuma tanadin na da kyau. Fanka na zuƙo iskar cikin akwati ta bi da ita cikin wani bokiti mai murfi, inda take shiga ta gefe tana juyawa, mai nauyi ya faɗa ƙasa, marar nauyi ya wuce, kamar dai yadda mata ke sheƙar shinkafa. Zuƙar na hana ƙura tsartuwa ta ramukan ƙofa, tana kuma sa a ga abin da ake yi ta gilashi. Amma wanda ya wuce ɗin nan, marar nauyin, shi ne mai kisa, kuma bututun da ke fitar da shi yana buɗe baki ne a bayan shago, ta wajen tsakar gida.

Yashin da yake amfani da shi na gulbin Zamfara ne, a tankaɗe a shanya. Kyauta ne, yana da kaifi, na fahimci abin da ya ja shi. Sai dai yashin gulbi yawancinsa silika ne, kuma idan ya fashe a jikin ƙarfe yakan zama gari mai laushin da ido ba ya gani, ya yi sa'o'i yana yawo a iska, ya shige can ƙarshen huhu inda tari ba ya fito da shi. Huhu ya yi tabo, tabon ya yi ta ƙaruwa ko da mutum ya bar aikin. Cutar sunanta silikosis, ba ta da magani har yau, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta hana feshi da yashi a masana'antun zubin ƙarfe tun 1949. A Turkiyya, samari masu fesa wa wandon jins yashi don ya yi kamar ya tsufa sun kamu da ita bayan 'yan shekaru kaɗan na aiki, da dama sun mutu suna da ƙuruciyarsu, har gwamnati ta haramta sana'ar a 2009. Ƙyallen da yaran shagon Katanga ke ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan gari.

Mu kuma a nan muna da namu darasin kusa da gida. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa na sauka inda yara ke rarrafe. Tsohon fenti, musamman ja da rawaya na injuna, sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma akwatin nan gari yake mayar da shi. Shagon gida ba masana'anta ba ce. Bayan katangarsa akwai tukunya a kan murhu da tabarmar da goyo ke kwance.

Ba na faɗin wannan don in rage wa aikin daraja. Ina faɗa ne don na ga mutumin da ya saurari numfashin bindiga har ya gane cutarta, na tabbata zai iya wannan ma, kuma da kayan da ke kusa da shi. Garin kwalba da aka daka aka tankaɗe yana cin tsatsa sosai, haɗarinsa ga huhu bai kama ƙafar na yashi ba, ko da yake dakansa ma sai da jiƙawa da takunkumi. Don kayan laushi irin kafireta akwai totuwar masara da aka ɓarza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da ita, gauraye da buntun shinkafa, wajen wanke sassan injin jiragen sama a Amurka, kuma duka biyun tuli suke a ƙasar nan bayan kaka. Bututun ƙura ya kamata ya ƙare cikin durom na ruwa ko ya bi ta matatar iska ta babbar mota, ya kuma juya baya ga gida. Abin da ya taru a bokiti a jiƙa shi kafin a kwashe, a binne nesa da rijiya, kada a share shi da tsintsiya. Takunkumi mai matata na gaske ga duk wanda ke tsaye a wurin, da rigar aiki da ba ta shiga ɗaki.

Akwai ƙaramin abu guda da ya rage. Mai shagon ya ƙara tankin ajiyar iska da tsohuwar tukunyar gas don geji ya daina faɗuwa, shawara mai ma'ana, amma ban ga bawul ɗin da ke sakin iska da kansa in matsi ya wuce kima ba, ban kuma ga famfon tsiyaye ruwa a gindinta ba. Tukunyar da ruwa ke kwana a cikinta daga ciki take ruɓewa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ba ta da nisa da wannan shago, haka ma kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi. Ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu za su sami abin aunawa na gaske a nan: wane girman garin kwalba ya fi cin tsatsar injin fadama, sau nawa za a iya maimaita shi kafin ya mutu, nawa ne ƙurar da ke tsere wa bokiti. Mai shagon yana da amsar rabin tambayoyin a kunnensa da hannunsa. Ma'aunin ƙura ne ba shi da shi, su kuwa suna iya samowa.