Wai me ya hana mu auna firam kafin mu sayo ƙyaure?

Jama'ar Ƙofar Sauri, akwai wani yayi da ya shigo mana wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da an sa ranar biki, aka ce za a gyara ɗakin amarya, sai maigida ya nufi shagon kayan gini ya zaɓo ƙyaure mai sheƙi, wanda ake cewa na Turkiyya ko na Caina, ya ɗoro shi a Keke Napep. Sai an sauke a tsakar gida sannan a aika neman kafinta. Tsohon firam ɗin da za a rataya shi kuwa, ba wanda ya ɗora masa tef. Haba! Ko hula ce ai sai ka gwada a ka.

Waɗannan ƙyamaren da awonsu suke fitowa daga masana'anta, yawanci faɗin santimita 75 ko 90, tsawo 210. Mu kuwa gidajenmu na cikin ganuwa kowane ɗaki da tasa ƙofar, yadda magini ya bar ta. Ga firam ya sha damina ya sha hunturu shekara da shekaru, bango ya zauna, har sama ta fi ƙasa faɗi. To ta ina zai shiga?

Sai kafinta ya jawo zarto. Ƙyauren da, na madaci, katako ne har ciki, ka rage yatsa biyu ba abin da zai same shi. Na yanzu masu arha ɗan siririn katako ne kawai a gefe, ciki kwali ne da iska. Ana ɗan zarce wajen yanka sai a faɗa rami, ƙusoshin hinji su rasa abin kamawa. Tsofaffin hujojin firam ma sun buɗe, sai a cusa musu tsinken ashana a ɗaure. Kafin a gama zaman amarci ƙyaure ya sunkuya yana kartar tayil, harshen makulli ya ƙi haɗuwa da raminsa, baiwar Allah sai ta sa gwiwa ta ɗaga kafin ta kulle ɗakinta. Da dare a tokare da taɓarya.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa a fasa bango a fidda firam ɗin gaba ɗaya, tunda sabon ya zo da nasa. Katakon da gara ta kasa ci tun zamanin mahaifinka, shi za ka jefar bayan ɗaki ya ƙare a murhu?

Na yarda sababbin ƙyamaren suna da kyan gani, kuma katakon kirki daga Kudu yake zuwa, ya yi tsada, wani ma ɗanye ake kawowa ya karkace a hunturun farko. Amma awo fa kyauta ne. Faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, sai kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta a takarda ka tafi da ita shago.

Ku ma kafintoci da laifinku. Kun ga ba zai shiga ba tun kallon farko, amma tsoron kada aiki ya wuce ku ya hana ku cewa, "Alhaji, a mayar a canjo." Kuma in kun yanke ƙasan ƙyauren banɗaki, don Allah ku shafa masa fenti, domin ta wannan yankan ruwan wanka ke shiga ya kumbura shi.